Yadda Ake Gano Abin da Ɗan Wasa Ke Ji a Wasan Bidiyo na Mutum Ɗaya

Matasa da dama da suka fara haɗa ƙananan wasanni da manhajojin haɗa wasa irin Unity ko Godot sun sha aiko da tambaya iri ɗaya. Sukan ce sun ba abokansu wasan sun buga, kowa ya ce ya yi kyau, amma daga ranar babu wanda ya sake buɗe shi, kuma su ba su san inda gizo ke saƙar ba. Matsalar ta fi tsanani a wasan da mutum ke bugawa shi kaɗai, domin babu abokin hamayya da zai jawo ihu ko dariya, babu hira tsakanin 'yan wasa da za ka saurara. Mutum ne da allo, yawanci shiru, fuska ba yabo ba fallasa. Abin da ya faɗa da baki, da abin da hannunsa ya aikata, da abin da ya ji a ransa, abubuwa uku ne daban, kuma aikinka shi ne ka tattara ukun ka gwada su da juna. Ga yadda ake bin aikin daki-daki.

1. Rubuta abin da kake so a ji

Kafin ka gayyaci kowa, ɗauki takarda ka raba wasan gida-gida: buɗewa, koyon maɓallai, karo na farko da abokin gaba, wurin hutawa, haɗuwa da bos (babban abokin gaba), da sauransu. A gaban kowane gida rubuta yanayi ɗaya ko biyu da kake nufin ɗan wasa ya shiga, ka kuma ba shi maki daga 1 zuwa 5 gwargwadon ƙarfin da kake so ya yi. Kada ka rubuta "nishaɗi", domin kalmar ta yi faɗi, ba za ta auna maka komai ba. Rubuta fargaba, ɗoki, son ganin abin da ke gaba, tausayi, alfahari bayan nasara, ko ajiyar zuciya bayan tsira. Idan ka haɗa makin da layi, za ka ga hawa da sauka kamar tuddai. Idan layin ya miƙe sambal, ko kuma ya tsaya a sama ba ya saukowa, to ka ga matsala tun kafin gwaji.

Gargaɗi: wanda ya tsallake wannan mataki ba zai iya fassara komai ba daga baya. Takaici a cikin Dark Souls, wanda kamfanin FromSoftware ya fitar a 2011, wani ɓangare ne na abin da aka shirya, domin shi ke ƙara wa nasara daɗi. Irin wannan takaicin a wasan noma na kwantar da hankali kuwa alamar lalacewa ce. Sai ka san abin da ka nufa za ka gane wanne kake kallo.

2. Zaɓi masu gwaji

Nemi mutanen da suka yi kama da waɗanda za su sayi wasan ko su sauke shi. Tambaye su wasanni uku da suka buga a watan da ya wuce, da na'urar da suke amfani da ita, da awa nawa suke yi a mako. Wanda bai taɓa buga komai ba sai ƙwallon ƙafa a gidan wasa zai sha wahala wajen juya kyamarar da ake kallo da ita a cikin wasan bincike, kuma wahalarsa ba lallai ta zama laifin wasanka ba, sai dai idan irinsa kake nema.

Game da adadi, Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhaja, ya yi fice da shawarar da ya bayar a 2000 cewa mutum biyar sun isa su bankaɗo yawancin matsalolin amfani da manhaja. Wannan ya dace idan abin da kake nema shi ne inda ake ruɗewa ko maƙalewa. Bai dace ba idan kana so ka ce kashi kaza na 'yan wasa sun tsorata a wuri kaza. Wannan yana bukatar mutane gommai. Don haka fara da biyar ko shida a kowane zagaye, ka bar lissafin kashi sai ka tara jama'a.

Gargaɗi: ka guji 'yan'uwa da abokai na kusa. A wurinmu kara da kunya suna da ƙarfi, kuma da wuya ƙaninka ya dubi idonka ya ce aikin da ka shekara kana yi ya gundure shi. Haka kuma, duk wanda ya buga wasan sau ɗaya ya tashi daga sabon shiga har abada, saboda haka kada ka ƙarar da mutanenka duka a zagaye na farko.

3. Kayan aiki da abin da za a kashe

Ba ka bukatar ɗakin bincike mai madubin leƙe. Abin da ya wajaba shi ne na'urar da wasan zai gudana a kanta ba tare da sarƙewa ba, da manhajar OBS Studio wadda kyauta ce kuma tana ɗaukar allo da fuska da murya a fayil ɗaya, da kyamarar kwamfuta ko wayar hannu da aka kafa a gefe, da abin sauraro na kunne, da agogo, da takarda mai layi uku: lokaci, abin da ya faru a wasan, abin da mutum ya yi. Idan wasan waya ne, kafa wata wayar ta ɗauki hannuwa, domin yatsu suna tona abin da fuska ta ɓoye. Don tambayoyi, Google Forms ya isa idan akwai intanet, KoboToolbox kuma yana karɓar amsa ko babu intanet.

Kuɗin da za ka kashe na gaske guda biyu ne: ɗan abin da za ka ba masu gwaji na mota da ruwan sha, da tanadin wuta. Cika batir ko ka tanadi janareta, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar wurin tsoro ta kashe zaman gaba ɗaya. Ba a dawo da fargaba bayan an kunna fitila an yi hira. Abin da ya fi kuɗi tsada shi ne lokacinka. Ka ware wa kowace awa ɗaya ta wasa aƙalla awa biyu ta sake kallo da rubutu.

4. Neman izini da jawabin buɗewa

Faɗa wa mutum a fili cewa za a ɗauki fuskarsa da muryarsa, da wanda zai ga bidiyon, da lokacin da za a goge shi, ya kuma sa hannu. Bidiyon fuska bayanin sirri ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023, haka ma a ƙarƙashin dokar GDPR ta Tarayyar Turai idan kana aiki da mutanen can. Yaro sai da yardar iyayensa. Tambayi kowa ko yana da farfaɗiya ko walƙiyar haske tana damunsa, ka kuma sanar da shi idan akwai jini, ko mutuwa, ko abin firgita, ba tare da ka faɗa masa wurin da zai zo ba.

Sannan ka karanta wa kowa jawabi iri ɗaya daga takarda: wasan ake gwadawa ba shi ba, idan ya maƙale laifin wasan ne, yana iya tsayawa duk lokacin da ya ga dama, kuma ba za ka taimake shi ba ko ya tambaya. Idan da hali, sa wani wanda ba shi ya haɗa wasan ba ya jagoranci zaman, ya kuma faɗi hakan da bakinsa. Mutane sun fi sakin baki idan sun san mai abin ba ya ɗakin.

5. Zauna ka yi shiru

Wannan shi ne mataki mafi wuya, kuma a nan yawancin gwaje-gwaje suke lalacewa. Zauna a bayan ɗan wasa, ɗan gefe kaɗan, inda ba zai riƙa ganin fuskarka ba. Za ka ga yana zagaya ɗaki ɗaya na minti huɗu alhali ƙofar tana gabansa, bakinka zai yi ta ƙaiƙayi, amma da zarar ka ce "duba hagu" ka zubar da bayanin da ka tara mutane dominsa. Ranar da wasan ya fita ba za ka kasance a bayan kowa ba. Tun kafin zaman, yanke iyakar da za ka bari mutum ya maƙale, misali minti biyar, bayan nan ka ba shi ƙaramar alama, ka kuma rubuta cewa ka bayar. Idan ya yi tambaya, mayar masa da ita: "Kai me kake gani ya kamata a yi?"

Akwai hanyar da ake sa mutum ya riƙa faɗin tunaninsa da baki yana cikin wasa. Tana da amfani ƙwarai wajen gwada jerin zaɓuɓɓuka da darasin koyon maɓallai, domin tana nuna abin da mutum ya fahimta. Amma idan yanayin zuciya kake nema, kada ka yi amfani da ita. Wanda ke yi maka bayani ba zai nutse cikin wasan ba, kuma wanda bai nutse ba ba zai tsorata ko ya tausaya ba.

Abin da za ka rubuta shi ne abin da ido ya gani, ba fassararka ba. Kada ka rubuta "ya ji haushi". Rubuta "12:40, ya mutu karo na huɗu a gada, ya yi tsaki, ya jingina baya, ya fara danna maɓalli da ƙarfi". Lura da sunkuyowa gaba da jingina baya, da riƙe numfashi, da dariya, da salati ko tsaki, da tsallake zancen labari, da duba waya, da hamma, da tambayar saura minti nawa. Lura kuma da saurin da yake sake gwadawa bayan ya mutu, domin a ganina wannan ita ce alama mafi amfani wajen rarrabe takaici mai kyau da marar kyau. Wanda ya yi tsaki amma nan take ya sake shiga, kuma ya canza dabara, yana ɗora laifin a kansa ne, yana ganin zai iya. Wanda ya tsaya ya kalli allo, ya sake yin abin da ya yi ɗazu ba canji, ko ya ce "to me zan yi?", shi wasan yake zargi, kuma ya kusa ajiyewa.

Gargaɗi: fuska marar motsi ba ta nufin gundura. Mutumin da ya nutse sosai sau da yawa fuskarsa takan daskare, ƙiftawar ido ma ta ragu. Kada ka yanke hukunci da alama ɗaya.

6. Auna yanayi nan take

Tunawa tana yaudara. A wani gwaji da Daniel Kahneman da abokan aikinsa suka wallafa a 1993, an sa mutane su tsoma hannu a ruwa mai sanyin digiri 14 na daƙiƙa 60, a wani karon kuma aka ƙara musu daƙiƙa 30 ruwan yana ɗan ɗumama zuwa digiri 15, sai yawancinsu suka zaɓi maimaita mai tsawon, saboda ƙarshensa ya fi sauƙi. Mutum yakan tuna ƙololuwar abu da ƙarshensa, ya manta tsakiya. Idan ka jira sai an gama awa guda kafin ka tambaya, ra'ayinsa kan bos na ƙarshe kawai za ka samu.

Saboda haka ka tsayar da wasan a wuraren da shi kansa yake tsayawa, kamar ƙarshen zango (wato mataki ɗaya na wasan) ko wurin ajiye ci gaba, ka yi tambaya biyu ko uku da ba za su wuce rabin minti ba. Ma'aunin SAM, wanda Margaret Bradley da Peter Lang suka bayyana a 1994, ya dace da wannan. Zane-zanen ɗan mutum ne a jere uku: daga murmushi zuwa ɓacin rai, daga natsuwa zuwa tashin hankali, daga jin ƙanƙanta zuwa jin iko. Mutum zai nuna hoton da ya yi daidai da shi kawai, kuma da yake babu rubutu, bai dame ka da matsalar harshe ba.

Gargaɗi: kada ka katse mutum a tsakiyar faɗa ko tsakiyar wurin tausayi don ka tambaye shi yadda yake ji. Tambayar kanta za ta kori abin da kake son aunawa.

7. Takardar tambayoyi ta ƙarshe

Da zarar ya ajiye wasan, kafin ku yi wata hira, ba shi takardar tambayoyi ya cike shi kaɗai. Takardar tambayoyi mai suna PXI, wadda Vero Vanden Abeele da abokan aikinta suka wallafa a 2020, tana da jimloli 30 da ke auna abubuwa goma. Biyar sun shafi ginin wasan: sauƙin sarrafawa, bayyanar manufa, ƙalubale, sanar da ci gaba, da kyawun hoto da sauti. Sauran biyar sun shafi abin da ya haifar a zuciya: jin ƙwarewa, son sani, nutsewa, 'yancin zaɓi, da ma'ana. Amfanin wannan rabo shi ne yana nuna maka sila. Idan jin ƙwarewa ya yi ƙasa kuma sauƙin sarrafawa ma ya yi ƙasa, ka san inda za ka fara dubawa. Akwai kuma wata takardar tambayoyi mai suna GEQ daga Jami'ar Fasaha ta Eindhoven a ƙasar Holan, wadda aka daɗe ana amfani da ita, sai dai masu bincike na baya sun nuna shakku kan yadda aka kasa sassanta.

Gargaɗi: idan ka fassara jimlolin zuwa Hausa, makin da ka samu yana da amfani wajen kwatanta wannan zagaye da na gaba a cikin aikinka, amma kada ka kwatanta shi da makin da aka wallafa a wasu wurare. Ka sa mutum na biyu ya mayar da fassarar zuwa harshen asali ba tare da ya ga asalin ba, domin ka ga inda ma'ana ta zame.

8. Hira tare da bidiyon

Yanzu buɗe bidiyon da ka ɗauka, ka je wurare huɗu ko biyar da ka yi wa alama, ku kalla tare. Tambaye shi: "Me ke zuwa maka a rai a nan?" ko "Me ka zaci zai faru da ka buɗe ƙofar?" Ganin kansa a allo yana dawo masa da abin da ya manta. Kada ka saka masa amsa a baki da tambaya irin "Ka tsorata a nan, ko?", domin zai ce e don ya faranta maka. Idan ya ce "ba laifi", wadda ita ce amsar da za ka fi ji, kada ka karɓa. Ce masa ya nuna maka wuri ɗaya da zai cire da wasan nasa ne, da wuri ɗaya da zai ba abokinsa labari. Ka kuma roƙe shi ya ba ka labarin wasan da bakinsa daga farko. Abin da ya tsallake a labarin bai taɓa zuciyarsa ba, ko da ka yi wata uku kana gina shi.

Masu gwaji za su ba ka shawarwari da yawa, kamar a rage ƙarfin bos ko a ƙara harsashi. Rubuta su, amma ka ɗauke su a matsayin kukan ciwo, maganin kuwa kai za ka nemo. Mai cewa bos ya yi ƙarfi wataƙila bai ga alamar da ke nuna hari na zuwa ba ne, kuma gyaran yana cikin haske ko sauti, ba cikin lambobin ƙarfi ba.

9. Bar wasan ya riƙa rubuta abin da ke faruwa

Sa wasan ya ajiye ƙaramin fayil mai ɗauke da lokaci da wurin kowace mutuwa, da tsawon kowane zango, da inda aka fita daga wasan, da inda aka canza matakin wahala. Idan ka ɗora wuraren mutuwa a kan taswirar zangon, inda suka taru zai fito fili. Haka kamfanin Bungie da masu binciken Microsoft suka yi kafin fitar wasan Halo 3 a 2007, inda suka nazarci sama da awa 3,000 na wasan mutane kusan 600. Kai da mutum shida da takardar lissafi ta Excel za ka iya yin ƙaramin irinsa. Idan a Steam, dandalin sayar da wasanni, za ka sayar, ka ba awa biyu na farko kulawa ta musamman, domin dandalin yana mayar wa mai saye kuɗinsa idan bai kai awa biyu yana wasa ba kuma bai wuce kwana 14 da saye ba.

Lambobi suna nuna wuri ne kawai, ba sa faɗin dalili. Minti goma a ɗaki ɗaya yana iya zama ɓacewa, yana iya zama sha'awar kallon wurin. Bidiyo da hira ne za su raba gardama.

Game da na'urorin auna bugun zuciya da gumin fata, waɗanda Mike Ambinder ya yi gwaje-gwaje da su a kamfanin Valve, shawarata ga mai farawa ita ce ya bar su tukuna. Suna nuna cewa jiki ya motsa, amma ba sa bambanta murna da tsoro, kuma motsin hannu ko zafin ɗaki yana rikita su.

10. Haɗa bayanan ka gwada da takardar farko

Ɗauko takardar mataki na 1. A gaban kowane gida, jera abin da ka gani, da makin SAM, da abin da aka faɗa a hira, da lambobin fayil. Inda biyu ko uku daga cikinsu suka yi daidai a wurin mutane da yawa, ka samu abin dogaro. Inda suka saɓa, kamar mutum ya ce ya ji daɗi alhali ya duba wayarsa sau uku, ka ba abin da ya aikata nauyi fiye da abin da ya faɗa. Sannan jera matsalolin bisa girman illa: wadda ke sa a ajiye wasan ita ce gaba, sai wadda ke kashe yanayin da ka nufa, sai ƙananan abubuwan ban haushi.

Kada ka yi watsi da yanayin da ba ka shirya ba amma ya bayyana, kuma kada ka raina ƙaramin gyara. A bayanin da masu haɗa wasan Portal na 2007 suka saka cikinsa, sun ce masu gwaji sukan bar wani akwati a baya alhali ana bukatarsa har ƙarshen zangon. Sai aka zana masa alamar zuciya, aka sa muryar wasan ta riƙa magana a kansa, kuma akwatin ya zama abin da 'yan wasa suka shaƙu da shi har suna jin nauyin ƙona shi.

11. Gyara ka sake gwadawa

Idan matsala a bayyane take kuma gyaranta mai sauƙi ne, kamar ƙofar da ba a gani saboda duhu, gyara ta kafin mutum na gaba ya zauna. Wannan ita ce hanyar RITE da masu binciken Microsoft suka bayyana a 2002, bayan sun yi amfani da ita a darasin koyarwa na wasan Age of Empires II. Amma abin da ya shafi yanayin zuciya, kamar tsawon shiru kafin abin firgita ko wahalar bos, kada ka taɓa shi saboda mutum ɗaya. Bari zagayen ya ƙare ka ga ko abin ya maimaitu.

Idan kuma ka tarar mutane sun rabu biyu, wasu na jin daɗin wahalar wasu na ajiyewa, ba dole ne ka zaɓi ɓangare ba. Wasan Celeste na 2018 ya bar wahalarsa yadda take, ya ƙara wani zaɓi da ke ba mutum damar rage saurin wasan ko hana kansa mutuwa. Resident Evil 4 na 2005 kuwa yana sassauta wa ɗan wasa ko ya tsananta masa a ɓoye, gwargwadon yadda yake yi. Kowace ka ɗauka, canza abu ɗaya ko biyu kawai a kowane zango, ka rubuta lambar sigar wasan a kan kowace takarda da kowane bidiyo, sannan ka kira sababbin mutane biyar waɗanda ba su taɓa ganin wasan ba, ka karanta musu jawabin mataki na 4 kamar yadda ka karanta wa na farko.